Kawu Majo da Allon da Ba Ya Zuwa Gaisuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda tun daga kwarin Tama har duwatsun Allakaye ba a san shi da wani suna ba sai Majo, ya rasu wata Laraba da hantsi, bayan an gama ɗaure gero. Kafin azahar an rufe shi. Shi ya bar wasiyyar kada a jira kowa. Ya ce, "Wanda bai zo ba ina da rai, mi za ya yi mani ina sanƙame?"

Kwana uku na yi kan tabarmar gaisuwa. Tsohon malamin lakwal irina kuwa, wato na makarantar boko, ba ya iya zama bai ba mutane maki ba, don haka na yi ta sauraro ina rarraba su a zuci.

Limamin gari ya ce marigayi mutum ne mai gaskiya, ya yi shiru. Kowa ya san abin da shirun ke nufi, don haka ake yabon mutumin da ba a ji daɗin zama da shi ba. Ƙanen Kawu, wanda suka shekara bakwai ba sa ga maciji saboda iyakar gona, shi ya fi kowa kuka, har aka riƙe shi. Wata tsohuwa ta sauko daga kan dutse da sanda, ta ƙi shiga wajen mata, ta tsaya bakin zaure ta ce, "Ya zage ni ranar da nih haihu, ya zage ni ranar da yaron yay yi ƙyanda, ga yaron can da jikokinshi. Yanzu wa za ya zage mu sabadda Allah?" Ita na ba maki mafi yawa.

Rana ta biyu farar mota ta tsaya ƙofar gida. Mutum uku suka fito cikin shadda mai ƙamshin kanti, babbansu wanda muke kira Shef, shugaban ma'aikatan lafiya na yankinmu, yana gaba. Suka ɗaga hannu aka yi fatiha. Shef ya gyara murya ya kawo wata magana ta Faransanci da ake yi wa kowane tsoho in ya mutu, wai ɗakin littattafai ne ya ƙone, ko da tsohon bai taɓa buɗe littafi ba. Ya ce sun yi rashin uba, sun yi rashin abokin aiki mai sauƙin kai. Mai sauƙin kai! Ko Kawu yana cikin kabari, na tabbata ya yi tsaki.

A lokacin ne ɗiyar wana ta leƙo daga cikin gida. Ita ce ma'aikaciyar jinya a gidan likitan garinmu, jika ce ga Kawu. Ta ga motar, ta ga Shef, ta koma ciki. Babu wanda ke kan tabarmar da bai san dalili ba. Akwai wata takarda da ke neman raba ta da aikinta da sunanta, kuma abin da ya tsare takardar wata da watanni shi ne Kawu ya ƙi sa mata hannu. To ga mai ƙin ya kwanta dama.

Bari in fara da mutumin, kafin in zo ga takardar.

Majo shi ne babban ma'aikacin jinya mai riƙe da gidan likita a ƙauyen da babu lokotoro, wato cikakken likita. Kawu ya yi wannan aiki a garuruwan Buza da na Kaita har gashin kansa ya yi fari, ya yi ritaya, amma sunan ya ƙi barinsa. Agogonsa kullum fuskar tana ta cikin hannu, don ƙirga bugun jijiya. Farar rigarsa shi ke goge ta da kansa da dutsen gawayi, don bai yarda da hannun kowa ba. In ya fasa goro gida huɗu, kada ka sa rai, duka huɗun nasa ne. Ya raina masu tallar ƙwayoyi a faranti a kasuwar Madawa, ya raina ƴan siyasa, ya raina rediyo, ya raina ni. Tun ina sabon malami, ana kirana Mushe kamar kowane malamin lakwal, yake ce mini, "Mushe, kai in ka yi kure, yaro ya maimaita aji. Ni in na yi, sai a gina rami. Kada ka ƙara haɗa aikinka da nau."

In ya rubuta magani, sa hannunsa ya fi sunan maganin girma. Na taɓa yi masa ba'a kan haka, ya ce, "Don wanda bai iya karatu ba ma ya san ƙohwar da za ya buga."

Yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa suka ɗauka hauka ce. Duk wanda ya mutu a hannunsa, ko bayan ya sha maganin da ya ba shi, sai Kawu ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi gaisuwa, ko garin yana bayan kwari uku. Ya zauna kan tabarma inda masu mutuwar za su gan shi, ba ya kare kansa, ba ya tashi da wuri. Akwai uban da ya tofa yawu gabansa. Kawu ya gyara zama, ya kai har la'asar. Cewa yake, "Wanda yab ba da magani shi ka zuwa gaisuwa. In ka san za ka zauna gaban uban yaro, hannunka ba ya saurin rubutu."

Sai kuma yadda yake yi da ƴaƴan fari. Kowa a ƙasar nan ya san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi, balle gaban uwar mijinta. Ko yaron yana shure-shure, in ka tambaye ta za ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. Ba ƙarya take yi ba, kunya ce, kuma da ita aka tarbiyyantar da mu duka. Kawu in ya ga yarinya ta shigo da goyo ga tsohuwa a bayanta, tambayarsa ta farko ita ce ko na fari ne. In an ce i, sai ya aiki tsohuwar ta samo masa ruwan ɗumi da ba ya bukata. Sannan ya juya wa yarinyar baya, ya hau wanke hannu, yana magana da bango.

"An ce ɗan maƙwabtanku ba ya lahiya. Shi na kama nono kuwa?"

Sai ka ji murya can ƙasa-ƙasa: "Tun jiya bai kama ba."

"Ya jijjiga?"

"Sau biyu."

Ɗan maƙwabta dai ba a jin kunyarsa. Da wannan wasan yara Kawu ya tsamo rayukan da ban san adadinsu ba, kuma babu littafin da ya koya masa.

Bayan ritaya aka naɗa shi shugaban komiten gidan likita, wato ƴan gari da ke sa ido kan yadda ake aiki. Ni aka ba ni sakatare, don ina da rubutu mai kyau kuma ba ni da aikin yi.

Muna nan wasu masu furoje, wato shirin tallafi na wata ƙungiya, suka kawo allo. Tablet ne, amma gari ya sa masa allo, sunan kuma ya zauna. Aka ce a cikinsa akwai ƙirƙirarriyar basira. Ma'aikaci zai ɗauki hoton idon yaro, ya shigar da zafin jikinsa, ya karanta wa uwa tambayoyin da allon ya jera, ya latsa amsoshinta. Sai allon ya ba da launi. Kore, a ba da magani a koma gida. Ja, a garzaya babban asibiti. An yi bikin miƙa shi ƙarƙashin runfa, da kujerun roba da makaɗa. Aka kira Kawu uban lafiyar ƙasa, mata suka yi guɗa, aka miƙa masa takardar amincewar komite, ya sa hannu da wannan ƙaton sa hannun nasa. Ni na buga hatimi.

Kada in yi wa allon zalunci. Kawu da kansa ya zauna ya kalle shi yana aiki mako guda, ya dawo ya ce, "Ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya hwaɗa da matarshi ya zo ya huce kan mai ciwo. Ya hi rabin waɗanda na yi aiki da su." Bai taɓa ƙin na'urar ba. Waɗanda suka laɓe bayanta su ya tsana.

Bayan wata biyu aka gayyace mu taro a Madawa, a wani zauren otel mai sanyi kamar randa. Taken taron ya cika ƙyalle daga bango zuwa bango: tsara doka da kula da ƙirƙirarriyar basira a fannin lafiya. Wani matashi mai kwat ya yi ta haska rubutu a bango. Ɗa'a. Amana. Mutum a tsakiya. Kalmomi masu kyau, irin waɗanda nake ba yara su yi jimla da su. Aka ce allon ya koyi aikinsa daga yara masu yawan da ba su ƙirguwa.

Kawu ya ɗaga hannu. "Cikinsu akwai ɗan Adar?"

Matashin ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce tsarin na duniya ne baki ɗaya.

"To namu ɗiyan na ƙauye na. Hotunan idanunsu da anka ɗauka hwa, ina suka tahiya?"

Aka ce ana ajiye su cikin gajimare. Kawu ya dubi taga ya ce, "Shekara muke roƙon gajimare ya zo Adar, ashe ya tsaya ɗaukar hoto." Zaure ya yi dariya, matashin ya ji daɗi, yana zaton an gama da tsohon.

Ba a gama ba. "Tambaya guda ta rage. In allon yac ce kore, yaro yam mutu, ƙohwar wa za mu buga?"

Na rubuta amsar a littafin komite, don ban taɓa jin an yi wa tambaya ɗaya dawafi irin wannan ba. Wani kamfani ne a ƙetare ya ƙera shi, amma kamfanin ya rubuta cewa shawara kawai allon ke bayarwa. Furoje shi ya kawo, amma furoje ba ya ba da magani. Manyan biro, wato ofishin hukumar lafiya, sun ba da izini, amma izinin gwaji ne. Doka kuwa ana kan rubuta ta, har an kafa kwamitin da zai yi tunani kan yadda za a kafa hukumar da za ta duba lamarin. Saboda haka, in ji matashin, hukunci na ƙarshe yana hannun ma'aikacin lafiya. Ya faɗi haka kamar kyauta ya ba su.

Abin da bai haska a bango ba, ɗiyar wana ce ta faɗa mana. Kowane ƙarshen wata ana fitar da jerin ma'aikata, wanda ya fi bin allo yana sama. In ka saɓa masa, sai ka rubuta dalili, makinka ya sauka, Shef ya kira ka a waya ya tambaye ka ko ka fi na'ura ilimi. Wato in ka bi shi aka yi asara, ai hukunci naka ne. In ka ƙi binsa, kai mai taurin kai ne. Ko yaran aji biyu aka kafa wa wannan doka, sai iyayensu sun zo lakwal.

Aka raba mana lemo da burodi mai nama, aka ɗauki hoton rukuni. Kawu ya ƙi shiga hoton.

Da damina ta yi tsakiya, lokacin da zazzaɓi ke kwasar yara, wata yarinya daga wani ƙauyen kan dutse ta zo da goyo, uwar mijinta tana biye. Layi ya kai har bakin ƙofa, ɗiyar wana ita kaɗai ce a bakin aiki. Ta ɗauki hoton idon yaron, ta gwada jini ya nuna zazzaɓin sauro, ta karanta tambayoyin allon ɗaya bayan ɗaya. Allon ya ce a tambayi uwa, ta tambayi uwa. Yana shan nono? Yana sha. Ya yi jijjiga? Yarinyar ta dubi ƙasa ta ce da sauƙi. Tsohuwar ba ta kwana ɗaki ɗaya da su ba, ba ta ga komai ba, ta gyaɗa kai. Allon ya ce kore. Aka ba su ƙwayoyi suka hau dutse.

Washegari yaron ya sanƙame da jijjiga. Suka ɗauko shi a amalanke za su Buza, kwari ya kawo ruwa, suka tsaya jiran ya janye. A bakin kwarin ya cika.

Ina gidan Kawu da jikar tasa ta shigo. Su biyu ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba, shi yana ce mata amarya, ita tana ce masa tsohon miji marar cefane. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta durƙusa ta faɗi abin da ya faru. Na zaci zai rarrashe ta.

"Amarya, kin duba tahin hannun yaron?"

"Na duba, tsoho."

"Mi kinka gani?"

"Ya yi hwari."

"To?"

"Allon ya ce kore."

"Allon ad da ido ko ke?" Ta sunkuyar da kai. "Ɗan hwari na?"

"Ban tambaya ba. Babu shi cikin tambayoyin."

Kawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Sa mayahinki. Za mu gaisuwa."

Kafin mu tashi ya sa na kira masu furoje a waya, na gaya musu ga inda za mu, ko za su aiko da mutum. Aka ce suna cikin taro. Kawu ya ce, "Allon ba ya da ƙahwa, masu shi ba su da lokaci. Mu tai."

Kabu-kabu biyu suka kai mu gindin dutse, sauran da ƙafa, ga shi lokacin ƙafafun Kawu sun fara kumbura. Ya zauna kan tabarmar maza gaban uban yaron, wani saurayi da ko gemu bai cika masa ba. Uban ya ce kwana ne ya ƙare. Kawu ya ce, "Kwana na Allah na. Sakaci namu na. Mun zo ku gan mu." Ɗiyar wana ta shiga wajen mata. Daga baya ta gaya mini uwar yaron tana zaune ta ba mutane baya, ba ta kuka, don ko kukan ɗan fari ba a yi gaban jama'a. Da ɗakin ya rage, yarinyar ta ce mata a hankali, "Tun asuba yaj jijjiga ranar. Na gani. Ban iya hwaɗi ba gaban inna." Suka riƙe hannun juna.

Da muka iso gari Kawu ya fasa goro, ya miƙa wa jikar tasa ɓari ɗaya. Ban taɓa ganin ya yi wa wani haka ba.

Mako uku bayan nan takardar ta zo. Bincike ya nuna, in ji ta, na'ura ta yi aiki daidai bisa amsoshin da aka shigar mata, ma'aikaciya ce ba ta yi amfani da hankalinta na ƙwararriya ba. Shawara: a dakatar da ita, a rubuta a dosiyenta, wato fayil ɗin aikinta. Hankalin da suka yi shekara suna rage mata maki a kansa, yau shi suke tuhumarta da rashin amfani da shi. A ƙasan takardar akwai wurin sa hannun shugaban komite. Sai da shi take cika, don a ce jama'a sun amince. Jama'a ai suna da amfani in ana neman hatimi.

Shef da kansa ya kawo ta, da sukari da shayi. Kawu ya karɓi sukarin, ya mayar da takardar.

"Baba Majo, ƙa'ida ce kawai."

"Na sani. Ni ma ƙa'ida nika bi. Ban sa hannu ga rabin magana."

"Mutane za su ce don jikarka ce."

"Su ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban ce ba ta da laihi ba, na hwaɗa mata da bakina, ta ji abin da ba ku iya hwaɗa mata. Amma ku rubuta duka. Suna ukku nika so in gani: nata, da na wanda yak karɓi allon bai tambaya ba, wato ni, da na mai allon."

Shef ya ce a doka na'ura ba ta da suna.

"Mai ita hwa? Shi ma uwatai ba ta raɗa mai ba?"

Shef ya sha shayinsa ya tafi. Ya dawo sau uku. Ya aiko da wani ɗan majalisar gari, ya aiko da ƙanen Kawu, wanda shi ne mafi munin manzo da za a iya zaɓa. Takardar ta zauna babu sa hannu. Ɗiyar wana ta ci gaba da aiki kamar mai tafiya kan katangar rijiya, kowace mota ta tsaya gabanta ya faɗi.

Ciwon Kawu ya yi ta gaba. Shi ya gano abinsa da kansa, ya faɗi inda zai kai, bai kuma yi kure ba. Wata safiya ya aika a kira ni, ya ce in zo da takarda mai kyau da alƙalami. Na same shi jingine da bango a inuwar darbejiya, ƙafafu kamar turmi.

Ya fara shifta da Faransanci, ina rubutawa. Cewa shi, shugaban komite, ya karɓi na'ura ba tare da ya nemi a gwada ta kan yaran ƙasar nan ba. Cewa bai sa ido kan yadda ake aiki da ita ba. Cewa ya san al'adar da ta hana uwa magana, bai koya wa sabuwar ma'aikaciya yadda ake kewaye ta ba. Saboda haka laifin mutuwar yaron yana wuyansa.

Na ajiye alƙalami. Na ce, "Kawu, ba ni rubuta wannan. Duk rayuwarka ka yi kana tsare sunanka, yau ka miƙa shi ga mutanen da ko agogonka ba su isa su ɗaura ba?"

"Mushe, ɗauki alƙalaminka."

"Ba ni ɗauka."

"Kai dai tun kana yaro ba ka gane lissahi. Wuya suka nema da za su rataya ma kaya. Allo ba ya da wuya, masu shi sun ɓoye nasu cikin kwat. Saura nata da nau. In na mutu ban sa hannu ba, za su naɗa wani shugaba, su kira shi uban lahiyar ƙasa, a yi mai guɗa, ya sa. Na san yadda aka yi, an yi mani. Ita tana da sauran tahiya. Ni ko, matacce ba a dakatar da shi."

Na ce ai wannan ba gaskiya ce zalla ba.

"Wane layi na ƙarya? Nuna mani." Na duba, ban samu ba. "Na sa hannu ina jin daɗin guɗa. Na zauna nan ina cin goro, yarinyar tana can da allo, ban taɓa ce mata ta juya baya ta tambayi bango ba, don na zaci kowa ya sani. Rubuta."

Na rubuta. Ya ƙara shafi na biyu, abin da yake so a yi. A gwada kowace na'ura kan mutanen wuri kafin a sake mata yara. A rubuta suna da adireshin mutum mai rai wanda zai amsa in ta yi kure, a manna a ƙofar gidan likita. Ma'aikacin da idonsa ya saɓa wa allo kada a rage masa maki. A gaya wa iyaye cewa na'ura na cikin masu yanke hukunci kan ɗansu, a kuma gaya musu inda hoton yake zuwa. Da na zo rufewa na sa masa irin gaisuwar girmamawar da ake rufe wasiƙar biro da ita, ya ce in soke ta. "Wannan kam ƙarya ta."

Ya sa hannu. Duk da ciwon, girman sa hannun bai ragu ba. Ya ce kada jikar ta sani sai ya tafi, kada kuma wasiƙar ta bar hannuna sai an yi sadakar uku. Ranar da farar mota ta zo gaisuwa, tana cikin aljihuna, ina kallon Shef yana kiran Kawu mai sauƙin kai. Kwana biyu bayan nan na kai masa har biro. Ya karanta shafi na farko, na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa buhu. Shafi na biyu ya duba shi kamar yadda ɗalibai ke duba bayan takardar jarrabawa, don su tabbata babu abin da ya shafe su.

Bayan arba'in sabuwar takarda ta fito. Dalilin abin da ya faru, in ji ta, shi ne ƙarancin sa ido daga marigayi shugaban komite. Ba a ambaci ma'aikaciya ba. Ba a ambaci na'ura ba, balle mai ita. Shawarwarin marigayi kuwa an karɓe su da godiya, za a yi nazari a kansu a taro mai zuwa. A cikin makon ne kuma allon ya wayi gari da sabuwar tambaya, babu wanda ya sanar, babu wanda ya ce da can an yi kure. Yanzu yana tambaya ko yaron na fari ne. In aka latsa i, sai ya ci gaba da sauran tambayoyinsa, gaban uwar miji.

Ɗiyar wana ta zo gidana da takardar a hannu, idonta jawur.

"Baba, da hannunka?"

"Da hannuna. Da bakinshi."

"Kab bari sunka rubuta mai sakaci? Shi? Wallahi yau za ni biro in hwaɗa masu ni ta, ni na ga hannun yaron ya yi hwari!"

Na ce ta je in tana so. Za su saurare ta, su ba ta lemo, su mayar da sunanta inda ya cire shi, nasa kuma ba za su goge ba. Ta tsaya tana huci. Can ta ce, "Tsohon banza. Ko a nan sai da yac ci ni da wayo." Sai ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka rufe shi. Da ta gama ta wanke fuska a butata, ta gyara ɗaurin kai, ta ce mata na jiranta, ta koma bakin aiki. Tana can har yau.

A dosiyen manyan biro, abin da ya rage na Kawu layi ɗaya ne, kuma layin ya ce bai sa ido ba. Shi ya sa na rubuta wannan, don a samu takarda ta biyu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya sa ƙafar da ya taka zuwa gidajen masu makoki ta zame masa haske. Ya jiƙan yaron nan da bai kai ga yaye ba, ya ba uwarsa wanda za ta iya kiran sunansa. Inda Kawu ya tafi, in an yi wa mutum tambaya da bakinsa yake amsawa. Ba a cewa na'ura ce ta faɗa, ba a cewa ana kan rubuta doka, ba a ɗaga zama sai taro mai zuwa. Masu farar mota ma can za su, kowa shi kaɗai.